Inda Labarin Daura Yake Ajiye

Ba a gardama a kan tsufan Daura. Ko ɗan makarantar firamare a Sakkwato ko Zazzau ya ji labarin rijiyar Kusugu, da macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Jumma'a, da baƙon da ya sauka da dare ya kashe shi, da yadda Galadima ya hango daga nesa ya komo, Kaura kuwa ya matsa har ya taɓa ya tabbatar ya mutu. Wannan kowa ya same shi kyauta, ko a bakin kaka ko a bakin maroƙi ran sallar Gani. Amma akwai wani labarin Daura wanda ba a ba da shi a tsakar gida, watau na yadda aka tafiyar da mulki, da wanda ke naɗa wane, da abin da ya auku tun daga jihadi har zuwan Turawa da bayansa. Shi ma an rubuta shi, an kuwa rubuta shi da ƙwazo, sai dai mutanen da aka ji shi a bakin kakanninsu su ne suka fi shan wuyar samunsa.

Littafin da ake nufi shi ne The Affairs of Daura, watau al'amuran Daura, na M. G. Smith. Shi Smith mutumin Jamaika ne, an haife shi a 1921, ya rasu a 1993. Ya fara bincike a ƙasar Zazzau a 1949, matarsa Mary kuwa ita ce ta ɗauki labarin Baba ta Karo daga bakinta, aka buga shi a 1954. A 1958 da 1959 ya komo ƙasar Hausa yana tattara tarihin masarautu, ya sauka a Daura zamanin Sarki Abdurrahman ɗan Musa, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966. Ya zauna da masu sarauta da dattawa yana tambaya suna amsawa, ya gwada maganar wannan da ta wancan, ya kuma duba jerin sarakuna da ke rubuce. Sa'an nan ya naɗe takardunsa ya tafi. Littafin bai fito ba sai 1978, a maɗaba'ar Jami'ar Kalifoniya ta Amurka. Kafin nan Sarki Abdurrahman ya shekara 12 a kabari, ita kanta En'en da aka yi wa bayani an rushe ta a gyaran ƙananan hukumomi na 1976.

Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar haraji zai yaba wa aikin. Littafi ne mai kauri, ya haura shafi 500, ya bi labarin daga 1800 zuwa 1958. Ya nuna yadda, bayan Malam Isiyaku ya karɓo tuta ya ci birnin wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, har daga baya zuriyar nan ta kafa mulki a Zango da Ɓaure, ƙasa ɗaya ta zama uku, ko wace da fadarta da sarakunan karagarta, biyun nan kuwa suna kallon Damagaram. Ya kuma nuna yadda Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da shi birnin kakanninsa, abin da ba su yi ba a Kano ko Katsina ko Zazzau. Gwanintar Smith tana wajen ƙididdigar sarautu: wace ce ta 'ya'yan sarki, wace ta bayi, wace ta mata, wa ke da garuruwa, wa ke zama a fada kurum, da yadda muƙami ɗaya ke yin nauyi a zamanin wani sarki ya yi sauƙi a zamanin wani. Irin wannan bayani shi ne ke fara ɓacewa in tsofaffi sun ƙaura, gama maroƙi yana riƙe kirarin sarauta, amma ba ya riƙe iyakar aikinta.

Ba a rasa abin suka ba kuma. Smith masanin halayyar al'umma ne kafin ya zama mai tarihi, saboda haka in ya gama ba da labari sai ya shiga auna shi da ma'aunin da ya zo da shi, da Turanci mai tauri wanda ko ɗan jami'a sai ya maimaita. Har wa yau, tun da a fada ya fi zama, muryar fada ce ta fi fitowa. Manomi da fatake da majema da malamin zaure ana hangensu ne daga nesa, lokacin da haraji ko yaƙi ya biyo ta kansu. Abin da ya fi duka nauyi shi ne kallon tarihi kamar kokawa ce tsakanin Haɓe da Fulani. Masanan Zariya sun soki wannan hanya ƙwarai, musamman Yusufu Bala Usman, wanda littafinsa a kan Katsina ya fito a 1981, yana ganin sana'a da ƙaura da zaman birni da ƙauye sun fi asalin jini bayyana abin da ya faru. Wannan gardama ce mai amfani, ta kuwa shafi Daura fiye da ko ina, domin a nan ne gidan sarautar da aka kora ya komo. To, amma a ina aka yi ta? An yi ta a Zariya da Landan da Amurka, cikin mujallu da ɗakunan taro. Jikokin waɗanda suka ba da labarin, su da za su iya cewa a nan an yi daidai, a nan kakanmu ya kare gidansa ne kurum, galibinsu ba su san ana yi ba.

Dalili kuwa a fili yake. Littafin ba irin wanda ake shimfiɗawa a kasuwa ba ne. Manyan laburaren bincike aka buga wa shi, su ne kuma suka saya. Malamin makaranta a Mai'aduwa ko Sandamu da ke so ya gani sai ya nufi jami'a, ko Katsina, ko Kano, ko ya wuce har Laburaren Kashim Ibrahim na Zariya, ko Gidan Arewa na Kaduna wanda Abdullahi Smith ya kafa a 1970, ya je da takardar gabatarwa, ya yi fatan kwafin yana nan ba a yage shi ba. Ba littafin nan kaɗai ba. A 1910 E. J. Arnett ya buga fassarar wani tarihin Daura a wata mujallar Landan. A 1928 H. R. Palmer ya sa jerin sarakunan Daura da labarin Bayajida cikin Sudanese Memoirs, wanda aka buga a Ikko. A 1961 shi M. G. Smith ya bayyana yadda ya tattara labaransa a mujallar tarihin Afirka ta Kambirij, a 1966 kuma W. K. R. Hallam ya tattauna labarin Bayajida a cikinta. A 1970 Abdullahi Smith ya rubuta maƙalarsa a kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, inda ya nuna ba baƙo ɗaya ne ya zo ya ƙaga sarauta da dare ɗaya ba, ta taso ne sannu a hankali daga gida zuwa ƙauye zuwa gari zuwa birni.

A nan akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Tsofaffin rubuce-rubuce, waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare ko ba mai tsaronsa, su ne galibi ake samu a intanet kyauta, su ne kuma ake ta kwafa ana maimaitawa. Palmer ya yi ƙoƙarin tattara takardu, ba a hana shi wannan ba, amma mutum ne mai son haɗa sunan da ya yi kama da wani suna, ya jawo asalin mutane daga Gabas ko ta halin ƙaƙa. Waɗanda suka zo daga baya suka gyara masa kuwa, nasu yana bayan ƙofar da sai da kuɗi ko da izni. Sai ya zama kuskure yana yawo a kasuwa ba ko takalmi, gyara yana kulle a ɗaki. Yaron da aka ce ya rubuto tarihin garinsu, ya ɗauki wayarsa ya nema, abin da zai fara cin karo da shi ra'ayin Razdan ne na shekara ɗari da suka wuce.

Yadda cinikin mujallun ilmi yake, in aka gaya wa ɗan kasuwar Daura zai ce tatsuniya ce. Malamin jami'a ya yi bincike da kuɗin hukuma, ya rubuta, ya miƙa wa mujalla ba a biya shi ko kwabo ba. Waɗansu malamai su duba su tace, su ma kyauta. Sa'an nan kamfanin da ya buga ya riƙe haƙƙin mallaka, ya sayar wa laburaren jami'o'in nan da malaman ke aiki a ciki, ko wace shekara kuɗin na hawa. Kamar a ce manomi ya kai gero kyauta, matarsa ta surfa kyauta, sa'an nan su dawo su sayi furar. Abin bai tsaya ga matalauta ba. Ita Jami'ar Kalifoniya da ta buga littafin Daura, a 2019 ta yanke ciniki da kamfanin Elsevier, wanda take biya fiye da dala miliyan 10 a shekara, ba su shirya ba sai 2021. In mai wannan ƙarfi ya koka, ba sai an tambayi halin laburaren da ke saye da naira ba.

Wannan ne ya sa masana suka tashi neman a buɗe ƙofa. A 2002 aka fitar da sanarwar Budafes, a 2003 ta Balin, duka suna kira a sa sakamakon bincike a intanet kowa ya karanta ba biya. An kuwa sami ci gaba, rashin adalci ne a musanta. Tun 1998 akwai AJOL, wadda ke tattara mujallun Afirka wuri ɗaya, na Nijeriya ne kuwa suka fi yawa a ciki. A 2006 JSTOR, rumbun tsofaffin mujallu na Amurka, ta yafe wa makarantun Afirka kuɗin shiga, mutum shi kaɗai ma yana iya yin rajista ya karanta ƙayyadadden adadi a wata. Ta nan ne ake samun maƙalar Abdullahi Smith, wadda aka rubuta a Zariya, aka buga a mujallar ƙungiyar masana tarihin Nijeriya, amma hanyar da ta fi sauƙi zuwa gare ta ta bi ta Amurka. Laburaren Ingila kuma, tun 2004, yana da shirin ɗaukar hoton takardun da ake jin tsoron lalacewarsu, a bar na ainihi a hannun masu su, a sa hoton kowa ya gani. Jami'ar Boston ta yi irin haka da rubuce-rubucen ajami, har da na Hausa.

Sai dai 'yan kasuwa ba su yi barci ba. Da aka ce kada a karɓi kuɗi a hannun mai karatu, sai suka koma karɓa a hannun marubuci. A 2020 mujallar Nature ta sanar cewa wanda ke so a buɗe maƙalarsa ga kowa zai biya yuro 9,500, kuɗin da ya fi albashin shekara na ƙaramin malamin jami'a a Nijeriya. Mujallun tarihi ba su kai nan ba, ana kuma yafe wa marubutan waɗansu ƙasashe, amma tsarin ɗaya ne: an cire kwado daga ƙofar shiga an maƙala shi a ƙofar fita. Mutumin Daura zai iya karanta abin da aka faɗa a kansa, mayar da amsa kuwa sai mai hali. Abin da ya fi dacewa da ƙasa irin wannan shi ne na Barazil, inda tun 1998 shirin SciELO, da kuɗin hukuma, ke sa mujallun ƙasar a fili. Nijeriya tana da asusun TETFund mai gina azuzuwa da laburare a manyan makarantu. Riƙe mujalla goma masu kyau bai kai tsadar bene ɗaya ba.

Masu ganin buɗe ƙofar ilmi sabon abu ne daga Turai ba su zauna a zaure ba. Kafin maɗaba'a ta zo, littafi a ƙasar Hausa da aro yake yaɗuwa. Almajiri ya ji wani malami yana da littafin da babu a garinsu, ya rataya gafakarsa ya taka, ya nemi izni, ya fere alƙalami ya zauna ya kwafa, wata ɗaya ko shekara, ya karanta a gaban mai shi a gyara masa, a ƙarshe ya rubuta sunansa ya roƙa wa kansa da iyayensa da mai littafin gafara. Ba a sayar masa da maganar da ke ciki, takarda da tawada kaɗai ya saya, malamai kuwa suna tsoron gargaɗin da aka yi wa mai ɓoye ilmi. Wani ma yakan yi waƙafin littattafansa ga masallaci. Da Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, an ba shi wani yanki na Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka fassara aka buga a Landan a 1826. Da wannan hali dattawan Daura suka karɓi Smith. A wurinsu baƙo ne mai neman sani, ba a kuwa hana mai neman sani. Sharaɗin da al'ada ta gindaya ɗaya ne, a komo a karanta a gaban mai shi, shi ne kuwa sharaɗin da bugun zamani ya yar.

Amma kada a ɗora wa baƙi laifin duka. A cikin birni da ƙauyuka akwai gidajen malamai da na sarauta masu adaka cike da takardu, wasiƙu da hukunce-hukuncen alƙalai da waƙoƙin ajami da jerin zuriya, magada ba su iya karantawa, ba su kuma yarda wani ya gani ba, ko don tsoron a tafi da su, ko don suna ɗauka duk tsohon rubutu asiri ne. Tsoron yana da tushe, gama littattafan Malam Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962, fiye da 3,000, yau suna Jami'ar Northwestern kusa da Shikago. Sai dai can an jera su an ba su lamba, ana iya nemansu. Na cikin adaka kuwa gara da ɗigar soro ne ke karanta su. Haka kundayen digiri. Ko wace shekara ɗalibai a Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina suna rubutu a kan sarautun Daura da sana'o'inta da bukukuwanta, a ɗaure kwafi uku ko huɗu a jibge a ofishin sashe. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe rumbunta na intanet mai suna Kubanni, abin a yaba, amma na ɗaliban digirin farko, waɗanda su ne suka fi zama da tsofaffin ƙauyensu, ba safai suke fita daga kabad ba. Mujallun da ake bugawa da Hausa, irin su Harsunan Nijeriya da Algaita na Kano da Ɗunɗaye ta Sakkwato, su ne suka fi kusa da mai karatun Daura, amma kaɗan ake bugawa, in fitowa ta ƙare ta ƙare. Babu kamfanin Turai da ya kulle waɗannan.

Rabin labarin ma yana ƙetaren iyaka. Da Ingila da Faransa suka ja layi, wani sashi na tsohuwar ƙasar Daura ya faɗa Nijar, wajen Magarya, abin da aka rubuta a kansa kuwa da Faransanci ne, tun daga bayanan da Landeroin ya tattara cikin tawagar Tilho mai shata iyaka tsakanin 1906 da 1909.

Wannan ya kawo magana ga kwadon da masu sanarwar Budafes ba su damu da shi ba, watau harshe. A ce yau an sa littafin Smith a intanet kyauta, an kawo lantarki, kuɗin data ya sauka; mutum nawa ne a Zango ko Ɓaure za su iya bin Turancinsa? Da Hausa aka yi tambayoyin nan, da Hausa aka amsa, aka juya su zuwa Turanci domin waɗansu. Ko maganar Baba ta Karo sai da ta yi shekaru masu yawa tana yawo a duniya da Turanci kafin a buga ta da harshen da ta yi ta. A wannan wuri hukumar fassara ta Zariya ta riga masanan yau hangen nesa. A 1932 da 1933 ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, inda aka juyo tarihohin Larabci, har da na Kano, zuwa Hausa domin 'yan makaranta. A 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, daga baya hukumar NORLA ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha zamanin yaƙi da jahilci, En'e kuma ta buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa. Gwamnatin mulkin mallaka ce, tana da nata nufi, ta kuma zaɓi abin da take so a karanta. Duk da haka ta gane littafi bai isa hannun mutum ba sai ya zo da harshensa, a kan kuɗin da ke aljihunsa.

Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi a Nijeriya ya ajiye kwafi 3 a can, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25. Dokar ba ta hau kan wanda ya buga a Amurka ba, ba ta kuma ce a ajiye kome a garin da aka yi binciken ba. Wannan giɓi ba sai an jira majalisar Abuja ba. Mai bincike, baƙo ko ɗan gida, ba ya shiga ƙasar Daura ya zauna da dattawa sai ya gai da fada, ya kuma sami wanda zai raka shi wurin hakimi. Majalisar Sarki tana iya buɗe rajista, ta rubuta sunansa da makarantarsa da abin da ya zo nema, ya sa hannu cewa zai kawo kwafi biyu na abin da ya rubuta, da taƙaitaccen bayaninsa da Hausa, da izinin a sa shi a intanet. Aikin magatakarda ɗaya ne da kabad ɗaya. Wurin ajiya kuwa ba a rasa ba, tun da yanzu garin yana da kwalejin da aka sa wa sunan Yusufu Bala Usman, da kwalejin fasaha ta tarayya da aka kafa a 2019, da jami'ar sufuri. Masu adaka kuma a je musu da na'urar ɗaukar hoto har gida, a ɗauka a gabansu, a ba su rasit, takarda ba ta ƙetare zaure ba.

Game da littafin Smith, izinin fassara sai an nema daga masu haƙƙinsa, ta hannun maɗaba'ar da ta buga shi, neman kuwa wasiƙa ce. Ba lalle a juya shi duka ba. Babobin auna al'umma a bar wa 'yan jami'a, a ɗauki na labari da na sarautu. In an gama a karanta shi a Daura da Zango da Ɓaure a gaban masu riƙe da sarautun nan yau, duk inda suka ce ba haka suka ji ba a rubuta a gefen shafi, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, a buga tare.